Mai Masaukin Da Ban Taɓa Gani Ba

Kakana Ɗantani, zamanin da yake fataucin ƙirgi,
ba ya sauke jaki a ƙofar wanda ya fi washe haƙora.
Gindin tsamiya yake zama, ya jira fitowar baƙin jiya.
In sun fito suna ƙirga kaya da ɓacin rai,
sai ya ja akala ya ƙara gaba.

Ni ban gaji jakin ba. Na gaji wuƙa da basilla
da rumfa ɗaya cikin dukawan Marwa.
Ɗan ƙanwata Tanimu ya ce, "Kawu,
takalmanka su hau intanet,
Duwala ta gani, Injamena ta taya."
Na ce, to ina shagon zai zauna?
Ya ce a ɗakin wasu, cikin na'urar da ba ta barci,
haya ake biya kamar ta rumfa.

Muka ɗauki mai araha. Jaka uku, shekara cur!
Don murna har tsire na saya wa yaron.

Saura kwana tara Sallah
shafin ya yi fari fat,
kamar yashin Mayo Kaliyawo da rani.
Wata hajiya a Yawunde na son ƙafa arba'in,
ta ƙwanƙwasa, shiru, ta wuce rumfar gaba.
Lambar da suka ba mu
tana ta kuka a ɗakin da ba kowa.
Hotuna ɗari da sittin,
kowanne da hasken hantsi na ɗauke shi,
jan fata, baƙar fata, ɗinkin kada,
duk sun bi ruwa.
Ashe ko sunan shagon ba nawa ba ne,
da sunansu suka rubuta shi.
Araha ba ta ado, haka uwata ke cewa,
na ɗauka zani kawai take nufi.

Sai na koma gindin tsamiyar kakana.
Na je wurin Hamajoda mai zuma, na je wurin matar kanti,
na ce shekara nawa kuke can, sau nawa ƙofa ta rufe?
Mai zuma ya ɗaga yatsa ɗaya. Matar ta yi tsaki.

Ƙarfe biyun dare, lokacin da ko kare ya gaji,
na sa Tanimu ya aika tambaya gida uku.
Na farko na'ura ta amsa, ta gode mana, ba ta ce komai ba.
Na biyu sai Laraba.
Na uku, kafin shayi ya huce,
wata mai suna Dudu ta rubuto: me ya faru?

Na ce ba abin da ya faru tukuna.
In wuta ta kama ɗakinku, ina kayana za su kwana?
Ta ce kullum dare ana kwafe su zuwa wani gari.
Kuɗin baɗi fa, shi ne na bana,
ko zuma ce a baki, harbi a wutsiya?
Ta rubuto adadin, na adana.
Ran da na gaji da ku, zan ɗaure kayana in fita?
Ta ce sunanka ne, makullinka ne.
Na ce a sa ɗan kwaɗon nan a bakin adireshi,
kada mai saye ya ji tsoron ajiye kuɗinsa.

Jaka ashirin da biyar. Na ji ta har ƙashi.

Yanzu bayan asuba, kafin in jiƙa fata,
nakan ɗauki tsohuwar wayata mai tsagaggen gilashi,
in tsaya inda sabis ya fi rauni, bayan rijiya,
in taɓa sunana.
Takalman su fito, ɗaya bayan ɗaya.
Ban yarda gaba ɗaya ba har yau.
Hotunan suna kuma cikin ɗan ƙarfe,
a aljihun rigar Juma'a.